Tsatsar Gangan

A Shefil, unguwar Hilsbara, bene na biyu,
ruwa na ƙwanƙwasa taga tun azahar.
Aikina in ba shi magani, in auna jini,
in rubuta a littafi: ya ci, ya sha.
Sai dattijo Wilfred Staniforth ya ture kwano gefe,
ya ce, "Tanimu, ara mini hannunka."

Tankar yaƙi ce, ba ta kai akwatin ashana biyu ba.
Tukunyar tururi a gadon bayanta,
bututun hayaƙi siriri kamar tsinken sakace,
ƙusoshi ɗari da wani abu, ƙwayar gero ta girmi kowace.
Wai a wata duniya take aiki, mai rana biyu,
inda fetur ya ƙare aka koma wa kwal,
shekara dubu nan gaba.
Na ce to.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a masana'antar ƙarfe
yana faɗa da tsatsa:
kankare, goge, shafe, gobe ta dawo.
Yau ga shi, tabarau a kan tabarau,
yana dama ja da ruwan ƙasa a murfin kwalba
don ya haifi tsatsa da gangan.
"Sabuwar tanka ƙarya ce," in ji shi.
"Abin da bai sha wuya ba, wa zai yarda da shi?"

Hannunsa na rawa kamar mazari.
Baƙin farko shi ya shafa, wannan ba ya son saiti.
Koren ma ya lallaɓa.
Tagullar tukunya ce ta gagara,
da agogon zafi, ɗigo guda mai allura a ciki.

Na karɓi buroshi, gashi uku ko huɗu.
"Goge shi a tsumma har ka rantse babu komai.
Abin da ya rage, shi ne fentin."
Na ja a hankali, ƙusoshi suka farka
ɗaya bayan ɗaya.
"Riƙe numfashi. A'a, ba nan ba.
Tururi in ya huce kuka yake yi,
bi inda hawaye zai bi."
Ni da ban taɓa zana ko kaza ba,
ga ni ina tsufar da roba.

Shayi ya huce. Sau biyu na tsoma buroshi a ciki,
sau ɗaya ya kurɓa, bai ce uffan ba.

Mako uku muka yi.
Ran Asabar na tura kekensa zuwa bayan wani shago:
dogon tebur, yashin ƙarya, duwatsun soso.
Abokiyar karawa Imogen ce, 'yar shekara sha uku,
da rundunar gizo-gizon ƙarfe masu shuɗin ido.
Aka auna taku da tef. Aka jefa ƙwayar lido.
Ɗaya.
Aka sake.
Ɗaya.
Dokar wasa ta ce tukunya ta fashe,
ko harsashi guda ba mu harba ba.

Mako uku! Abin ya tsaya mini a maƙoshi.
Shi ko dariya har da tari.
Ya laluba aljihu, ya zaro auduga
wadda tun daren jiya ya rina da toka da baƙi,
ya ɗora wa tankar hayaƙinta, ya gyara masa zama.
"Na san halin tukunya," ya ce.

Yarinyar ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa bututu.
"Wa ya yi tsatsar nan?"
Ya nuna ni da haɓa.

Da dare a bas, kore maƙale a farcena,
na buɗe littafi: ya ci, ya sha, ya yi dariya.
Akwai sauran biyar a kwali, tsirara.
Litinin, in Allah ya kai mu,
shi zai shafa baƙin,
ni in jira tagulla.