Tafinta

Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki:
in ɗebi magana a bakin wani
in juye ta a kunnen alƙali.
Ban taɓa zubar da ko ɗigo ba
sai ranar Talatar nan.

Sanyin Jos ya riga mu shiga kotu.
Aka ɗora Tasi'u a benci, ɗan shekara shida,
ƙafafunsa na lilo, ba su kai ƙasa ba,
rigar sanyi 'yar gwanjon Taminus
ta haɗiye masa hannuwa.

Aka ce, tambaye shi abin da ya gani.

Ya ce, Kawu Ɗanliti ya saya mini ƙosai,
ya ce in zauna gaba a keke, kusa da shi,
wai masu shinge ba sa tsare mai yaro.
Muka wuce Bukuru, muka sauka daga kwalta
har bakin koren ruwan nan na ramin kuza.
Abokan Kawu biyu, da wani mai jaka.
Mai jaka ya ce don Allah.
Ya sake cewa don Allah.
Sai ya kwanta bai cire takalmi ba.
Na ce Kawu, sanyi zai kama shi.
Kawu ya ce, ci ƙosanka.

Nan harshena ya ƙage.
Turanci na da kalmar kisa, yana da ta gawa,
amma wacce zan miƙa wa mai shari'a
ta mutumin da ya kwanta da takalmi?
Na faɗi abin da na iya.
Rabi ya zube tsakanina da teburinta.

Lauya ya miƙe, ya gyara baƙar riga:
ai bai riƙe wuƙa ba, shata aka ɗauke shi.
Mai shari'a ta tuɓe tabarau.
Ta ce, batun wuƙa lissafinsa daban,
yanzu amana nake tambaya.
An ba ka yaro ka riƙe zuwa magariba,
ka mai da shi takardar wuce shinge,
ka kai idonsa inda babba ke kau da kai.
Shekara huɗu, saboda idon nan kaɗai.

Ni na mayar masa da Hausa.
A bakina ya ji shekarunsa.
Bai kalle ni ba, ƙanwarsa ya kalla.

Lantana ke nan, mai suyar awara a Farar Gada,
uwar yaron, ciki ɗaya da mai laifin.
Ba ta yi kuka ba, bakin gyale take murzawa.
A baranda ta tare ni, kamar ni na yanke:
Malam, makaranta na tashi sha biyu,
kasko kuwa sai dare.
In ban bar shi wurin ɗan'uwana ba, wurin wa?
Yanzu fa?

Ban ce hukuncin bai dace ba.
Da ni ne, wataƙila in ƙara.
Sai dai huɗu aba ce mai ƙarewa,
ana zana ta a bango, ana share ta.
Ranar da za a buɗe wa Ɗanliti ƙofa
Tasi'u na da goma,
shi kuma babu wanda ya faɗa masa adadin nasa.
An ce gani ya kori ji.
Ba a faɗi abin da ke korar gani ba.

Uwarsa ta ce ya daina cin ƙosai.
Ta ce in dare ya raba yakan tashi
ya bi ƙafafun masu barci yana lalube.

Da za su tafi ya ja mini riga,
ya ce, Baba, an cire masa?
Wannan ba a sa ni fassarawa ba,
ba ta shiga takarda ba.

Na hau mota zuwa Rikkos da ita a baki.
Na tarar da autana ya ɓingire a tabarma,
silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙofa.
Na durƙusa na zare masa a hankali,
na daɗe riƙe da shi a hannu.