Ruwa Ba Ya Tambaya

A Maiurno, bakin Shuɗin Nilu,
inda kakanninmu suka sauke kaya ba su ƙara ɗauka ba,
akwai mai shekara goma sha bakwai
da ke dafa gahawa a tashar rakasha.
Sunan yanka Nuraddin.
Wata safiya aka ɓare sunan kamar gyaɗa,
aka yar da ɓawon, Nur ya rage.

Ni ce Tamadur mai keken ɗinki.
Na ce, “In kira ka kai, ko in kira ki ke?”
Nur ya yi dariya, ta ƙara mini citta a kofi:
“Duk wanda ya riga zuwa bakinki.”

Ni na ɗinka kayan:
jallabiyar baba daga ciki,
laffayar inna, ruwan goro, daga waje,
takunkumi daga buhun sukari.
Allura ta soke ni sau uku, ban faɗa ba.

Daren da kogi ya cika ya batse,
ya ci gonar ayabar Alhaji Ɗan'iya,
ya nufo unguwa da gadon wani a kansa,
Nur ta shiga har ƙirji,
ya ɗaga tafin hannu biyu
kamar mai tsayar da jaki a kan kwalta.
Ruwa ya turje. Ya yi gunaguni.
Ya tsaya tsaye, bango baƙi mai numfashi,
kifaye na leƙo mu ta cikinsa,
har aka kwashe tsofaffi da awaki
da jaririn da ko suna bai samu ba.

Da gari ya waye, tasha ta ɗauki zance.
Wani ya ce waliyyi ne, ya ga rawani.
Wata ta ce aljana ce, ta ga lalle.
Direban da ke kwaikwayon tafiyar Nur kullum
ya rantse namijin duniya ne, irin na da,
sannan ya miƙa kofi bai ko dubi fuska ba.

Ni na duba.
Yatsu sun yamushe kamar busasshen dabino,
butar gahawa na rawa.
Na karɓa, na zuba wa direban da kaina.
A ƙarƙashin benci na riƙe hannun nan mai sanyi,
na raɗa, “Me ka ce wa kogin? Me kika ce?”

“Ban ce komai ba, Tamadur.
Shi kaɗai ne a garin nan
bai fara da tambaya ba.”