Huda ta Huɗu

Isaka mai gyaran takalma a bakin titin Aboabo,
shi ya huda mini bel ɗin nan har sau huɗu.
A ta farko sidi biyu ya karɓa.
A ta huɗu ya ce in riƙe kuɗina,
ya dube ni ta saman tabarau:
“Direba, huda ba wuya.
Zama a cikinta ne aikin.”

Ban gane ba a lokacin.
Kilo ashirin da uku na sauke
kamar mai sauke buhunan gawayi daga kan mota.
Likita ta duba takarda ta yi murmushi,
sitiyari ya daina gugar cibiyata.
A tasha wasu na cewa ciwo ne,
wasu na cewa bashi ne ya tsotse ni.
Ko ba komai, ana maganata.

Yau shekara biyu da wata biyar.
Babu mai tambaya kuma.
Wa zai yi wa mutum barka
don ya wayi gari yadda ya kwana?

Amma tsohon jikina bai yi nisa ba,
haya ya kama a layinmu.
Da asuba yana tsaye wajen mai koko,
bai manta ƙosai nawa nake tashi da su a da ba.
Da azahar a Kejetia, in na kashe mota ina jiran layi,
shi ke nuna mini tukunyar Adiza:
wake da shinkafa, taliya, ƙwai, wagashi,
shito na ƙyalli kamar sabon fenti.
In ce mata rabi.
Ta ce, “Rabi kuma? Faɗa muka yi?”
Kullum sai ta tambaya, kullum sai na rantse.

Memuna ta sauya mini kwano,
ƙaramin nan mai shuɗin baki da yara suka girma a kansa.
Malmala ɗaya, miyar ayoyo har ta shafe ta.
Wani dare na tsinci kaina a madafa cikin duhu,
murfin tukunya a hannuna.
Ta kunna fitila. Ta kashe.
Ta koma ta kwanta.
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban ce ban taɓa zamewa ba.
Babbar Sallar bara, soyayyen rago kwana tara,
bel ya koma huda ta uku babu sallama.
Kunya ta hana ni bi ta gaban Isaka,
sai in zagaya ta bayan masallaci.
Mako shida ina ajiye mota a Asawase
in tako gida da ƙafa,
ruwan Kumasi na dukana, takalmi na shan taɓo,
kafin ƙarfen ya sake gane ƙofarsa.

Manyan rigunan suna ƙasan akwati.
Memuna ta ce a bayar, na ce a dakata.
Ta ce wanda ya bar wa baƙo shimfiɗa
shi ya ce masa ya dawo.
Ranar Juma'a na bayar da biyar.
Ɗaya na ɓoye, kada ku gaya mata.

Kowace Litinin akwai yaro mai sikeli a bakin kasuwa.
In cire takalmi, in cire makullai daga aljihu,
in hau da bisimilla.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya kan saba'in da takwas.
Ya ce, “Baba, yau ma ba ka motsa ba,”
da muryar mai ba da haƙuri,
wai na yi asarar kuɗina.

Na biya shi, na ƙara masa na ruwa.
Ina zai san tafiyar da na yi
kafin in tsaya wuri ɗaya?
Can Mumuni na dukan ƙofar mota,
fasinja sun cika, saura ni.