Tabon Waya

Shekara talatin da takwas ina tuƙa jirgin ƙasa
daga Takamatsu zuwa Kotohira, in juyo.
In na makara da daƙiƙa ashirin
sai na cike takardar ba da haƙuri.
Yau ga ni a baranda, hawa na uku,
ina jiran reshe guda ya yarda ya sunkuya.
An ce mini sai nan da damina huɗu.

Ba ni na nema ba.
Tsohuwa Toyoko ta ƙasan bene,
ranar da 'ya'yanta suka zo kai ta gidan tsofaffi,
ita ta buga mini ƙofa da gwiwar hannu,
kasko a rungume kamar jinjiri.
Itacen matsu ne, tsawonsa bai cika kamu ba,
amma ya girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Ta ce, Kanemaru, can ba sa barin ƙasa a ɗaki.
Kada ka ba shi ruwa don agogo ya ce.
Tsoma yatsa, ka tambaye shi.

Na sayi almakashi mai tsadar da ba zan faɗa wa 'yata ba.
Na sayi wayar jan ƙarfe, siririya da mai kauri,
da rariya, da tsakuwa ja,
na koyi tsefe saiwa da tsinken cin abinci
a hankali, kamar mai taje kan marar lafiya.
Tsofaffin allurai na cire ɗaya-ɗaya
har shayi ya huce, har rana ta bar bangon maƙwabta.
Daren guguwa na shigo da shi banɗaki,
muka kwana tare, ni a kan tabarma,
shi a cikin baho, iska tana dukan tagogi.

Sai dai hannun direba ba ya mance gudu.
Na naɗe reshen hagu da waya a kaka,
na ja shi fiye da yadda ya so,
na ce ai gobe ma rana ce, zan kwance.
Goben ta kai ni wata bakwai.
Da na zo, ɓawo ya haɗiye wayar,
tabo ya zagaye reshen kamar sawun maciji a rairayi,
ƙaro yana tsatstsafowa, yana manne mini a yatsu.
Kwana biyu ban buɗe labule ba.

Ranar Lahadi na sa shi a kwali,
na hau bas, na riƙe shi a cinya,
wata yarinya ta tashi ta ba mu kujera,
ban san wa ta gani a cikinmu ba.

Idon Toyoko ya tafi, yatsunta suna nan.
Ta bi gindin, ta bi gansakuka,
ta tsaya a kan ɓarnata, ta yi shiru,
sannan ta fashe da dariya har tari ya kama ta.
Ta kama hannuna ta kai shi ƙasa kaɗan.
Ka ji wannan ƙullin? Na surukina ne,
ya yanke reshen da bai kamata ba, shekarar da aka yi fari.
Wannan tsagar tawa ce, ranar da muka yi faɗa da mijina.
Kai ka zaci kai ne na fari?

Ta nemi a matso mata da shi kusa da hanci.
Ma'aikaciya ta leƙo, ta ga ƙasa a kan zanin gado,
ta ja ƙofa ba ta ce komai ba.

Na dawo da bas na ƙarfe huɗu da minti goma.
Ya makara. Ban duba da nawa ba.
Da safe na tsoma yatsa a kasko,
ƙasar da sauran danshi,
na mayar da butar inda take.