Makullin Gwaji

Ni ke buɗe shagon Alhaji Gaji da safe,
in jera babura goma sha biyu bakin kwalta,
leda ba a ɓare ba, taya da sauran gashi,
kowane da farashinsa rataye a wuya.

Ran Alhamis, ran cin Kasuwar Dole,
sai ga Mushe Sanusi, malamin lakkol a Garin Malam.
Shekara uku yana zubin adashi,
kuɗin na ƙunshe a ambulan, ambulan na kan zuciya.
Ya shafa ja, ya shafa baƙi, ya koma kan ja,
ya ce, "Samari, ko akuya sai an taɓa ƙugunta kafin a saya."

Alhaji ya tafi banki.
Na duba alli a yatsun mutumin, na ga dattako,
na tsiyaya rabin kwalbar mai, na miƙa makulli,
na ce, "Iyakarka shataletale, ka juya."

Ya juya kuwa.
Sai dai a kwanar duwatsu akwai rairayi kan kwalta,
akwai Ɗan Tawai mai ga-ruwa da kurarsa,
jarka goma, tun asuba yake layin famfo.
Na ji ƙarar birki, na ji abin da ya bi baya.

Madubi ya tafi. Fitila ta zube kamar gishiri.
Tanki ya loɓa daidai inda sunan kamfani yake.
Jarka huɗu sun fashe, ƙasa ta shanye nan take,
kuma wanda ya san Damagaram
ya san zubar ruwa a nan ba abin dariya.

Kafin Mushe ya miƙe an kewaye shi.
Gwiwarsa na jini, shi ambulan yake lalube.
Ɗan Tawai bai yi zagi ba, ya dai riƙe kan babur,
tambaya ɗaya gare shi: wa zai biya?

Washegari na bi Alhaji ofishin asirans,
abin da mutanen Kano ke ce wa inshora.
Wata mata mai tabarau ta buɗe takarda,
ta sa biro ƙarƙashin wani layi siriri:
"Namu gobara ne da sata, a cikin shago.
Babur marar lamba, marar kartagiris,
in ya taka kwalta ya fita daga hannunmu.
Ba naku ba ne cikakke, bai zama nasa ba,
tsakanin nan ba mu da alkawari da kowa."
Ta rufe fayil, ta yi mana Allah kiyaye hanya.

Mushe ya ce, "Ban saya ba, gwaji na yi."
Alhaji ya ce, "Ban ba ka ba, ban ma gan ka ba."
Dukansu biyu sun faɗi gaskiya.
Sai idanu suka sauko kaina a hankali
kamar guga mai neman ƙasan rijiya.

Jika arba'in da bakwai, in ji bakanike.
Albashina jika ashirin ne, in wata ya yi kyau.
Biyar biyar ake cirewa.
Yanzu na san kuɗin madubi fiye da karatun allona,
na san fentin ja ya fi baƙi wuya.

Wata na uku, da la'asar, Mushe ya dawo da ƙafa,
yana ɗan ɗingishi. Bai shiga shagon ba.
Ya kira ni bayan bishiyar bedi, ya danƙa mini jika goma,
ya ce ya riga ya sallami mai ruwa,
ya ce, "Kar ka gaya wa maigidanka," don kunya.
Jan babur ɗin na nan, an rage masa farashi,
bai ko dube shi ba, ya kama hanya.

Yau in ka zo gwaji, marhaba, ga kujera.
Ajiye katin ɗan ƙasa, sa hannu a littafin nan,
karanta layin ƙasa da ƙarfi in ji da kunnena.
Sa'an nan matsa gaba kaɗan.
Ni ma zan hau, ina nan a baya.