Juya, Haladu

Ranar da na fara riƙe igiya a tafkin Lagdo
shekaruna goma sha uku,
ga ƙishirwar wanda ya ci ƙuli-ƙuli da yaji.
Na tsotse ruwan leda, na sake ta a bayan jirgi.
Ko ƙara ba ta yi ba.

Kawu Barmo bai ɗaga murya ba.
Cewa ya yi, "Juya."

Iska kuwa tana bayanmu, mai daɗi,
ta cika buhunan shinkafa shida
da muka ɗinke muka ɗaura wa gora,
jirgi na gudu kamar an yi masa albishir.
Na ce, "Kawu, leda ce fa."
Ya ce, "Na gan ta. Juya."

Wanda bai taɓa komawa cikin iska ba
bai san tsawon ruwa ba.
Mu yi gabas, mu karkato,
mu yi yamma, mu karkato,
igiya na cin tafin hannuna,
ledar can tana lilo, tana mini dariya.
Kafin na cafko ta da bakin filafili
motar masu sayen kifi ta kama hanyar Garwa.
Ranar, ƙarfasarmu banda muka yi.

Bai yi mini wa'azi ba.
Gwangwanin madara ya ɗaure a gindin gora,
ya ce, "Abin da ya shigo jirgi da kai
da kai zai sauka."
Mataccen batir, guntun sigarin fasinja,
ƙullin zaren koma da ya tsinke,
duk nan.

Sauran a hankali na tsince su,
kamar yadda ake tsintar yaren unguwa.
Ba a wanke jirgi da omo a bakin ruwa;
a ja shi tudu, a sa yashi da tsumma.
Kainuwar da ta manne a gindinsa daga wani gulbi
a cire ta a rana, kar ta yi baƙunta ta zama mai gida.
Inda burugu ya yi duhu, can bargi ke gina ɗaki,
ba a jefa dutsen tsayawa a kan rufin wani.
Idan dorina ta fito da kunnuwa huɗu,
biyu manya, biyu ƙanana,
sassauta igiya, ba ta hanya:
ta riga kakanka zuwa.

Akwai tsibirin da zalɓe ke ƙwai.
Nan ko tari Kawu ba ya yi.
Mukan wuce nesa, shiru,
sai ƙarar ruwa a haƙarƙarin katako.

Masu inji sukan wuce mu suna ɗaga hannu,
suna barin bakan gizo na mai a bayansu.
"Barmo mai shara!"
Yakan amsa gaisuwar,
ya ce da ni, "Ruwan nan za su sha da rana."

Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci.
Buhunan sun sauya sau nawa, ban ƙirga ba.
Gwangwanin ya yi tsatsa, na sake wani.

Jiya da la'asar, muna dawowa,
iska mai kyau, rana ta yi ja a kan duwatsu,
na kwance goro, na gutsura,
hankalina na kan kuɗin makaranta.
Ledar ta zame daga yatsuna.
Wallahi zamewa ta yi.
Na dubi gaba, kamar ban gani ba.

Ɗiyata Gambo, mai shekara takwas,
tana zaune inda nake zama da.
Ba ta taɓa ganin Kawu ba.
Ta dubi ruwa, ta dube ni.

Ta ce, "Baba."
Na ce, "Na sani."

Na ja igiya.