Biron Malamin Daji

Shekara ashirin da bakwai ina tsaron gandun nan,
yamma da Safana, inda kwalta ke sallama da matafiyi,
da keke Rali da kakin da rana ta cinye wa kafaɗu.
Na san kowane turken iyaka,
wanda gara ta ci da wanda aka tuge cikin dare.

Ni na kama Sallau, ƙanena ciki ɗaya,
da gatari a gindin maɗaci.
Da hannuna na rubuta masa tara.
Inna ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba.
Na ce mata doka ce.
Ta ce doka ba ta sha nononta ba.

Sai ga takarda daga Katsina, ranar Laraba,
an karanta mana a ajin firamare
muna durƙushe kan bencin yara.
Wai an ga arziki a ƙarƙashin tsauni,
taku ɗari uku daga turke na tara.
Kamfani zai haƙa.
Hanyar tirelarsa, wutarsa, ruwan wankin dutsensa,
duk daga baitulmali.

Wani mai hula zanna ya ce mu yi tafi.
Tafin bai zo ba.

Kande mai daddawa ce ta miƙe,
ta zazzage gwangwanin madara a kan tebur:
rasit, rasit, rasit,
na rumfa, na shara, na tsayuwa bakin kasuwa,
wasu sun yi ja da manja.
Ta ce, "Ga nawa jarin.
A wane shafi aka rubuta sunana cikin masu kamfani?
Asibitinmu jemagu ke kwana a ɗakin haihuwa,
mun roƙi kwano goma sha biyu, an ce a yi haƙuri.
Ashe haƙurin tara shi ake yi
a shimfiɗa wa tirela."

Jauro Buba bai iya dogon zance ba.
Ya ce tafkin Marke ne kaɗai ke kai shanu Afrilu,
in ya koma ruwan toka,
wa zai yi wa saniya bayani?

Mai hular ya ce za a ɗauki matasa aiki.
Aka ce nawa?
Ya duba takarda, ya juya bayanta,
ya ce ana kan lissafi.

Ni ban ce komai ba.
Ina tuna zumar da ke cikin kogon kuka,
da gadar da na gani da 'ya'yanta biyu bara waccan,
da burtu mai tafiya kamar alƙali ya fito daga kotu.
Ba su san turke ba.
Ƙarar nakiya ma ba za ta san shi ba.

Da magariba Sallau ya zo zaure,
gemunsa ya yi fari kamar nawa.
Bai zauna ba.
Ya ce, "Yaya, nawa ka ci ni a kan itace ɗaya?"
Na faɗa masa.
Ya ce, "To yi mini kuɗin daji."

Na shiga ɗaka na buɗe akwatin ƙarfe.
Biron yana nan, cikin aljihun tsohon kaki,
sai da na huhhura masa numfashi ya yarda ya yi rubutu.
Na sa sunana a saman takardar koke,
Sallau ya dangwala yatsa a ƙasan nawa,
Kande ta bi, Jauro ya bi,
har tawada ta ƙare muka koma shuni.

Gobe motar farko zan bi zuwa Katsina.
Ban sani ba ko za a bar ni in wuce maigadi.
Inna ta riga mu gidan gaskiya;
da tana nan, da na tsaya ƙofar ɗakinta
na yi sallama, in ji ko za ta amsa.